Kujerar Pele a FIFA: mene ne rabon yaran karkara?

Jama'a, a watan Maris na 2025, a birnin Alƙahira, aka zaɓi Kanal Djibrilla Hima Hamidou, wanda kowa ya fi sani da Pele, a majalisar zartarwa ta FIFA. Abin alfahari ne, ba mai musu. Ɗan Nijar ya shiga inda Amaju Pinnick na Najeriya, duk da girman ƙasarsa, ya sha ƙasa. Amma kafin guɗa ta rufe mana kunne, mu leƙa ƙasar Sin.

Zhang Jilong ya daɗe yana mataimakin shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta nahiyar Asiya. Da aka dakatar da Mohammed bin Hammam na Katar a 2011 bisa zargin sayen ƙuri'a, shi aka ba riƙon hukumar, ya riƙe har 2013 da aka zaɓi Sheikh Salman na Bahrain. Ya kuma zauna a kwamitin zartarwa na FIFA. To, me ƙasarsa ta samu a fili? Sin, mai mutum sama da biliyan ɗaya, sau ɗaya tak ƴan wasanta maza suka je gasar cin kofin duniya, a 2002, kuma ko ƙwallo ɗaya ba su jefa a raga ba. Girman da Zhang ya samu bai haifa wa ƙasar ɗan wasa ba.

Ba na cewa Pele bai yi aiki ba. Tun da ya karɓi FENIFOOT a 2009, Mena ta je gasar cin kofin Afirka karon farko a 2012, ta koma a 2013. Mun karɓi baƙuncin gasar ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015, da ta ƴan ƙasa da 20 a 2019, har Maraɗi ta ga wasanni da idonta.

Sai dai fa a 2023 da 2024 Mena ta riƙa buga wasannin da ake kira na gida a Tunisiya da Maroko da Togo, domin filin Seyni Kountché na Yamai, wanda Sinawan nan suka gina mana a 1989, bai cika sharuɗɗan CAF ba. Wane irin gida ne wannan da mai shi zai hau jirgi kafin ya shiga?

Idan haka ta faru da Yamai, ina ga Atantane? Yaranmu na nan da na ƙauyukan Mayahi da Tasawa a kan yashi suke buga tamaula, ƙafa ba takalmi, raga kuwa itace biyu ne da igiya. Da damina ta sauka, filin ya koma gonar gero. Masu kira a shirinmu na wasanni kullum tambayarsu ɗaya ce: yaushe mai neman ƴan wasa zai sauka daga kwalta ya shigo karkara?

Ba za a ce babu kuɗi ba. A shirin FIFA Forward na 2023 zuwa 2026, kowace hukumar ƙasa na iya samun har dala miliyan 8. Muna roƙon FENIFOOT ta fito a rediyo, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, ta faɗi nawa ya shigo, nawa ya tsaya Yamai, nawa ya iso jihar Maraɗi. Magadan gari su ma su ware fili guda a kowace karamar hukuma, da takarda, yadda ba mai yanka shi ya sayar. Hukuma ta kawo raga da ƙwallaye, ta horar da malamin makaranta ɗaya a matsayin koci, ta maido gasa tsakanin garuruwa da zarar an gama girbi.