Kalma Ɗaya, Ma'ana Ɗaya: Ƙaryar da Ake Sayar wa Samarin Zongo

Wanda ya ratsa unguwar Zongo ta Kwatano da yamma, sa'ad da rana ta yi sanyi, ba zai rasa ganin wani saurayi zaune a benci bakin shago ba, da ɗan littafi a hannu, leɓunansa suna motsi kamar mai addu'a. Ingilishi yake haddacewa. Littafin irin wanda ake shimfiɗawa a ƙasa bakin kasuwa ne, takardarsa sirara, bangonsa kuwa ɗauke da babban alkawari, wai mutum zai ji Ingilishi cikin kwana talatin. A ciki an ja layi a tsakiyar kowane shafi, hagu kalmar Ingilishi, dama ma'anarta da Faransanci, wani lokaci da Hausa. Kalma ɗaya, ma'ana ɗaya, tun daga farko har ƙarshe. Yanzu abin ya shiga cikin waya, ana aika wa juna jerin kalmomi ta WhatsApp, amma tuwon nan ne dai aka sāke masa akushi.

Ba laifin saurayin ba ne. Gaskiyarsa ce da yake neman harshen nan. Faransanci ne harshen gwamnati da na makaranta a Jamhuriyar Benin, amma iyakar Seme wajen kilomita 30 ce kawai daga Kwatano, bayanta kuwa Legas. Mutanen Zongo 'yan fatauci ne tun kakanninsu, sunan unguwar ma shaida ne, gama zango wurin saukar ayari ne. Dillalin mota yana ciniki da mai saye daga Najeriya, mai gwanjo yana hulɗa da Ibo, direba yana riƙe da takardun da ba shi ya rubuta ba. Sa'ad da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 har Disamba 2020, kowa a Kwatano ya gane a aljihunsa yawan abincin da ke zuwa daga gabas. Maƙwabciyarsu Togo ma, ƙasar Faransanci, ta shiga ƙungiyar Kwamanwel a 2022. Saboda haka kada wani ya ce samarin nan kwaɗayin Turanci ne ya kama su. Abincinsu suke nema.

Laifin yana kan waɗanda suke ba su dutse a maimakon gurasa.

Ga ƙarya ta fari. Ba harshen da kalmarsa take da ma'ana ɗaya tak, Bahaushe kuwa ya fi kowa sanin haka, in ya tsaya ya saurari bakinsa. A ɗauki “ci”. Mutum yana cin tuwo, yana cin kasuwa, yana cin bashi, yana cin jarrabawa. Wani ya ci amana, wani ya ci mutuncin maƙwabcinsa, alƙali ya ci shi tara, aiki kuma ya ci gaba. In baƙo ya zo Zongo da littafin da ya ce masa “ci” sa abinci a baki ne kurum, sa'an nan ya ji an ce wane ya ci kasuwa, me zai zata? Yara za su yi masa dariya har su faɗi. Haka “sha”: a sha ruwa, a sha iska, a sha wahala, a sha kāshi. To, don me ake tsammani Ingilishi zai fi Hausa sauƙin kai?

Kalmar “fine” tana cikin darasin fari na kowane littafi, wai ma'anarta lafiya lau. Ita ce kuma tarar da ake rubuta wa direba a hanya. “Interest” sha'awa ce, ita ce kuma kuɗin ruwa a takardar banki. “Duty” aikin da ya wajaba a kan mutum ne, a bakin ma'aikacin kwastan kuwa kuɗin fito ne. “Charge” kuɗin da aka ɗora wa mutum ne, cajin waya ne, ƙarar da aka kai mutum kotu ce. Saurayin da ya haddace ma'ana ɗaya ya fi wanda bai sani ba sam shiga hatsari. Wanda bai sani ba zai nemi mai karanta masa. Wanda ya haddace kuwa zai gyaɗa kai, ya ɗauki biro, ya sa hannu.

Ƙarya ta biyu ta fi ciwo, domin ta shafi Zongo musamman. Ana ɗaukar yaron da Hausa ce harshen gidansu, wanda Faransancinsa na firamare ne ko na titi, a ce sai ta ƙofar Faransanci zai shiga Ingilishi. Wato sai ya hau tsani biyu, na farkon ma yana rawa. Harsunan nan biyu kuwa suna da kalmomi masu kama da tagwaye a rubuce, amma ba uwa ɗaya ta goye su ba. “Pain” a allon mai gidan burodi na Kwatano gurasa ce, a kwalin magani na Ingilishi ciwo ne. “Sale” a Faransanci ƙazami ne, a ƙofar kantin Legas kuwa sayarwa ce, ko rangwame. “Location” a nan haya ce, a can wuri ne. “Monnaie” yawanci canji ne, 'yan ƙananan kuɗin da ake mayar wa mai saye, “money” kuwa kuɗi ne ɗungum. Mafi muni shi ne “demander”, wanda a Faransanci roƙo ne ko tambaya cikin ladabi. Ɗan kasuwar da ya ɗauke shi yadda yake, ya rubuta wa abokin cinikinsa “I demand”, ya buga masa tebur ke nan bai sani ba, sai ya yi ta mamakin abin da ya sa ba a amsa masa ba.

Abin takaici, yaron nan yana da jari a bakinsa wanda ba mai gaya masa. Hausar Najeriya cike take da aron Ingilishi, ta kuwa iso Zongo tare da fatake da rediyo da finafinan Kano. Direba, kwandasta, fasinja, tikiti, taya, birki, inji, banki, ofis, kotu, lauya, fasfo, rasit, lamba, tebur, bokiti, asibiti: duk daga can suka fito. Malamin kirki da nan zai fara. Zai ce wa yaro, “Kalmar nan ka riga ka san ta, ga yadda masu ita suke faɗinta, ga yadda suke rubuta ta.” Zai kuma ja masa kunne inda aron ya kauce, gama “mota” daga “motor” ta fito, amma Bature yawanci injin yake nufi da wannan, motar kuwa “car” yake ce mata. Zai kuma raba masa aron Faransanci da ke bakin 'yan'uwa na Nijar, irin su jandarma da duwan da kamyo, don kada ya kai su Legas ya yi ta faɗa ba mai ganewa. (A Nijar ma wani in ya ce Turanci, Faransanci yake nufi. Shi ya sa a Zongo gara a ce Ingilishi a huta.)

Sai batun zaɓen kalmomin. Masu haɗa littattafan nan suna cika shafi da sunayen abubuwa, domin su ne masu sauƙin jerawa: tuffa, giwa, laima, sunayen launi, sunayen watanni. Ƙananan kalmomin da ke juya magana duka kuwa, ba su da wuri. “Unless”, “until”, “except”, “before”, “after”, “only”, “not”. Waɗannan su ne ƙusoshin takardar yarjejeniya da takardar magani. Yawancin magungunan da ake yi a Najeriya da Indiya da Ingilishi ake rubuta bayaninsu. Uwar da ta san sunan giwa da Ingilishi, amma ba ta bambanta “kafin abinci” da “bayan abinci” ba, ba ta kuma gane rubutun da ya ce maganin nan na shafawa ne kaɗai ba, me giwar ta tsinana mata a daren da ɗanta yake zazzaɓi?

Wani zai ce, ai dole a fara da 'yan kalmomi kaɗan, ba a haɗiye ƙamus rana ɗaya. Wannan gaskiya ne, masana kuwa sun daɗe da yin aikin. A 1930 wani Bature na Ingila, C. K. Ogden, ya fitar da tsarin sauƙaƙan Ingilishi mai kalmomi 850. Abin ya yi suna har Churchill ya yaba shi a wani jawabi a jami'ar Harvard a 1943. An ma juya Littafi Mai Tsarki duka cikinsa, aka buga a 1949, da kalmomi 1,000. Michael West ya fitar da nasa jerin na kalmomi wajen 2,000 a 1953. Muryar Amurka ta fara shirinta na Ingilishi mai sauƙi a 1959, da kalmomi wajen 1,500, ana karanta labarai a hankali. To, amma a duba da kyau. A cikin kalmomin Ogden 850, na aikatau 18 ne kawai, irin su “get”, “put”, “take”, “make”, “give”. Ta yaya 18 suka isa? Domin kowace ɗaya tana ɗauke da kaya irin na “ci” da “sha”. “Give” bayarwa ce, “give up” kuwa fid da rai ne ko daina abu. “Put off” ɗaga magana ce zuwa wani lokaci. Ashe jerin gajere ne a ido, a aiki kuwa rijiya ce. Shi West bai tsaya ga jera kalmomi ba, sai da ya rarrabe ma'anonin kowace kalma, ya nuna wadda aka fi amfani da ita. Masu littafin bakin kasuwa sun ɗauki gajartar, sun zubar da aikin.

Ba kuwa a rasa kayan aiki da Hausa ba. Tun 1843 J. F. Schön ya buga tarin kalmomin Hausa, ya kuma fitar da ƙamus a 1876. G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934, wanda har yau ake komawa gare shi. Neil Skinner ya yi ƙamus na Turanci da Hausa domin 'yan makaranta, Roxana Ma Newman kuma ta fitar da na Ingilishi zuwa Hausa a 1990, inda aka rarrabe ma'anoni, aka sa misalai. Mutanen nan, baƙi ne fa, sun ba da shekarun ransu suna bin ma'anar kalmar Hausa ɗaya ɗaya. Abin kunya ne a ce ɗan Bahaushe a Zongo bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikin littattafan nan ba, sai ƙasidar da ta yi masa alkawarin kwana talatin.

Alkawarin kwana talatin ɗin nan kuwa yana da babban wa. A ƙarshen Disamba 2023 wani ɗan jarida na Najeriya, Umar Audu, ya bayyana a jaridar Daily Nigerian yadda ya samo takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai zauna a aji ko sau ɗaya ba. A farkon Janairu 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gumi. Ciwon ɗaya ne da na ɗan littafin nan, girma ne ya bambanta: a sayar wa mutum kamannin sani, a karɓi kuɗinsa, a bar shi ya gano gaskiya ranar da ya fi bukatar sanin.

Iyaye ma suna da nasu rabon laifi. Akwai uban da yake jin daɗi in ɗansa ya tsaya gaban baƙi ya zuba kalmomi hamsin a jere kamar aku, ba ya tambaya ko yaron zai iya haɗa uku daga cikinsu su zama magana. Akwai kuma masu buɗe ajin yamma, har da na harabar majami'u, waɗanda suke hana yara yin Hausa a aji, wai don Ingilishi ya shiga da sauri. Sai da ruwan ciki ake ja na rijiya. Yaron da aka bayyana masa da Hausa, sau ɗaya, bambancin “borrow” da “lend”, aka nuna masa cewa Hausa ma tana da “ara” da “ara wa”, tana da “ranta” da “ranta wa”, ya riƙe shi ke nan har tsufa. Wanda aka hana shi harshensa sai ya haddace duka biyun, ya yi ta musanya su, ya ce ya ba da bashi alhali shi ya ci.

Abin da ake nema daga mai ajin yamma a Zongo ba mai tsada ba ne. Ƙamus ɗaya na gaske a kan tebur, wanda kowane ɗalibi zai koyi buɗe shi da kansa. Kalma goma a mako sun isa, in kowace ta zo da jimlolinta, da ma'anarta ta biyu da ta uku, da gargaɗi in tana da tagwai a Faransanci. Littafin karatun kuwa yana cikin aljihun ɗaliban da kansu. Direba ya kawo tsohon rasit na kwastan, mai shago ya kawo kwalin kaya, uwa ta kawo takardar da ke cikin kwalin magani, a shimfiɗa su a tebur, a bi su layi layi, malam ya tsaya a kan kowace “unless” da kowace “only” har sai na bayan aji ya iya faɗin ma'anarta da Hausa.