Bayan an watse suna, me mai jego take ci?

Na gode da barka da addu'o'in da kuka yi ta turo mana, Allah Ya bar zumunci. Yau kwanan uwargida 33 da haihuwa, ita da jariri lafiya lau. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku karanta, musamman mu maza, don da mu nake, kuma da kaina zan fara.

Ranar suna mun yi abin da aka saba yi a Karfi. An yanka rago, kafin nan an yi ƙauri, an dafa shinkafa tukunya-tukunya, mata sun fito da anko. Satin nan na farko kam mai jego ta ci ta ƙoshi, har tana cewa naman ya ishe ta. Surukata ta zauna da mu mako biyu, sai ta koma ƙauye, kaka ta yi, kuma da halin da ake ciki na tsaro ba mai son barin gida babu babba. Gida ya rage daga ni sai ita sai yara biyu da jariri, sai Inna da ke sashenta, ita ma ƙafa ta hana ta sakat.

A kwana na 19 jiri ya kwashe ta a bakin murhu. Allah Ya kiyaye ba ta faɗa kan tukunya ba, kuma jaririn ba ya bayanta. A asibiti aka auna aka ce jininta ya yi ƙasa. Ma'aikaciyar jinyar ta juyo gare ni, ba faɗa ba komai, ta ce, "Maigida, jiya me ta ci daga safe zuwa dare?" Na lissafa: koko da safe, ɗumame da rana, tuwo miyar kuka da dare. "Shekaranjiya fa?" Shi ne dai. Na fara kame-kame cewa nama ya yi tsada. Ta ce, "Ba nama na tambaye ka ba. Kana noma waken soya?"

Wallahi buhu huɗu nake da su a ɗaki, na jibge ina jiran farashi ya tashi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Abin da na gane tun daga ranar shi ne, mun ɗaure lafiyar mai jego a jikin nama. A tunaninmu abinci iri biyu ne: na gata, mai nama da romo, da kuma na haƙuri, tuwo da miya lami. Idan na farko ya gagara, sai mu faɗa na biyu kai tsaye, mu ce Allah Ya kawo sauƙi. Kuma nama ya gagara ɗin, ba ƙarya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, ga ɓarayin daji sun kwashe shanun mutane, Fulanin da muka saba sayen nono a wurinsu da yawa sun yi ƙaura. Amma tsakanin nama da lami akwai fili mai faɗi, kuma a gonakinmu yake: wake, waken soya, gyaɗa, riɗi, zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kabewa, daddawa.

Ku duba fa. Yankin nan namu, daga Malumfashi zuwa Kafur, Bakori, Funtua har Dandume, shi ne rumbun jihar Katsina. Manyan motoci suna lodin masara da waken soya daga kasuwanninmu, da yawansa kamfanonin abincin kaji ake kai wa. Waken soya kusan kashi 40 cikin 100 nasa sinadarin gina jiki ne. Wato mun san yana gina kaza, amma ba mu yarda zai gina matar da ta haifa mana ɗa ba. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida saboda tamowa. Ta kuma ce da ta auna iyaye mata 750 da suka kawo yaran, fiye da rabinsu su ma yunwar ta kama su. Yawancin cibiyoyin nan a arewacin jihar suke, na sani, amma kada mu ruɗi kanmu cewa mu da muke da hatsi mun tsira. Cika ciki da tuwo daban, gina jiki daban.

To me muka canza? Ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma duk ba ya cin lokaci, domin mace mai wankan jego da jariri a hannu ba ta da awa uku na tsayawa gaban wuta.

Abu na farko, kuma wanda ya fi ceton mu, garin kunu ne, wanda ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown. Mudu shida na gero, uku na waken soya, ɗaya na gyaɗa. Ba sai ka yi da yawa haka ba, ka auna da gwangwani, lissafin ɗaya ne. A wanke, a shanya, a soya kowanne daban ba da mai ba. Waken soyan shi ne mai buƙatar kula, sai ya soyu sosai ya yi ja, ƙarnin nan ya fita, a ɓarza a fece ɓawon, don ɗanyensa yana wahalar da ciki. Gyaɗar kuma a tsince, duk wadda ta yi baƙi ko fumfuna a zubar, guba gare ta. A haɗa da citta da kanumfari a kai inji. Yini ɗaya muka yi muna wannan aikin ni da ƙanwata, ga shi har yau muna ɗiba. Da asuba kafin in fita masallaci nake ɗora ruwa, in na dawo in dama garin da ruwan sanyi in zuba, minti goma ya yi yawa. Kunun na uwar ne da manyan yara. Jariri ba ruwansa da shi, nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a ba shi.

Sai wake. Sirrinsa kawai a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan da safe. Yana nuna da wuri, itace kaɗan, ba sai an narka masa kanwa ba, kuma kumburin cikin da ake tsoro yana raguwa. Faten wake da manja da albasa, a watsa alayyahu a ƙarshe a sauke, kada a bari ganyen ya mutu a wuta. Mun kuma niƙa garin ɗan wake mun ajiye. Ranar da ta gaji, kwaɓawa ne da jefawa, kafin a yanka tumatir da albasa ya taso. Ita ta tuna min ma cewa kakarta ba ta kaɗa miyar kuka sai da dakakken wake a ciki. Ashe mu ne muka yar da dabarar, muka koma dogaro da dunƙulen ɗanɗano, miya ta yi daɗi a baki amma fanko.

Kwaɗon zogale kuwa ba sai na koya wa kowa ba, bishiyar tana bayan gidan kusan kowa a garin nan. Zogale, ƙuli-ƙuli, tumatir, albasa, ɗan man gyaɗa, a matsa lemun tsami. Lemun ba don daɗi kaɗai ba ne, yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙara jini da ke cikin ganye da wake. Shayi kuma akasin haka yake yi, don haka aka ce ta daina kora abinci da shi, ta bari sai an jima. Awara ma, da muke ɗauka abin kwaɗayin 'yan makaranta ce, yanzu mukan saya a maƙwabta tun ba a soya ba, a yanka a miyar taushe a madadin nama. Yaran har rigima suke a kanta.

Ba a rasa gardama ba. Inna da ta ga kwanon wake a gaban mai jego sai ta ce, "Kai ɗan nan, a ina ka taɓa ganin an yi jego da wake? So kake cikin yaron ya kumbura? Ku dama mata kunun kanwa ta sha, shi muka sha muka haife ku." Na ce, "Inna, ki gafarce ni, ba raina naku na yi ba, a asibiti aka ce a rage." Ba ta ji daɗi ba, kwana biyu tana amsa gaisuwata a taƙaice. Kuma ina fahimtarta. A zamaninsu akwai nono a ƙwarya, akwai man shanu, ƙauri ba na kwana ɗaya ba ne, kunun kanwa ƙari ne a kan abinci. Yanzu a gidaje da yawa shi ne abincin gaba ɗaya.

Maganar kanwar nan ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura ciwon zuciya da kumburi bayan haihuwa ya yi yawa a wannan yanki namu, suka zargi yawan kanwa da tsananin zafin wanka da gashi. Wani binciken da likitocin zuciya suka yi daga baya a asibitocin Najeriya, wanda aka jagoranta daga Kano aka wallafa a 2020, ya fi ɗora laifin a kan abubuwa irin su ramar uwa da rashin abin hannu. Ko wanne ka ɗauka, amsar ɗaya ce a wurina: kanwa gishiri ce, ba ta gina jiki, kuma macen da ta rame ita ce a bakin haɗari. Duk mai jegon da ƙafarta ta kumbura ko numfashi ke mata wuya in ta kwanta, ba ƙarin ruwan zafi take buƙata ba, asibiti za a kai ta a ranar.

Kada wani ya ce na zama ɗan Indiya, na haramta nama. A'a. Can miliyoyin mutane ne ba sa cin nama saboda addininsu, matansu suna haihuwa suna shayarwa da dangin wake da madara. Mu ba aƙida ba ce, aljihu ne. Ragon suna sunna ce, wanda ya samu iko ya yi. Kuma gaskiya akwai abin da ganye da wake ba sa bayarwa, kamar bitamin B12, sai a nama, kifi, ƙwai ko nono. Shi ya sa ƙwan kajin gidanmu na hana a sayar, nata ne, ɗaya kullum in an samu. In an dace da nono mai kyau a saya. Ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ta ma tana sha, abinci bai maye gurbinsu ba.

Inda nake da ja shi ne yadda muke kashe kuɗin. Na zauna na lissafa abin da ya tafi a anko, lemon kwalba, hayar kujeru da rumfa na yini ɗaya, na ga da ya ciyar da ita ƙwai da nono har ta yi arba'in, da saura. Mun ciyar da unguwa guda don kada a ce mun gaza, wadda aka taru dominta kuma ta koma ɗumame. Ba wanda ya tilasta ni, ni na yi.

Sannan mu maza, mu daina cewa "ai na ba da cefane." Ka san me aka dafa? Ka san ko ta ci, ko yara ta tura wa ta sha ruwa ta kwanta? Mai shayarwa tana buƙatar ƙari a kan abin da ta saba ci, amma a gidajenmu ita ce ta ƙarshe a kwano. Jiƙa wake ba ya rage wa namiji daraja. Wani abokina ya same ni ina tsince gyaɗa a zaure ya yi ta dariya, wai an shanye ni. Na ce ya zauna ya taya ni, tunda tasa matar ma wata bakwai gare ta. Ya zauna kuwa.

Cikin buhu huɗun nan na buɗe ɗaya na ce ba na sayarwa ba ne. Ranar Talata mun koma awo, an ce jinin ya fara hawa, a ci gaba. Inna ma jiya ta aiko jikarta da kofi, wai a sam mata "kunun nan naku na asibiti" ta ji ko da gaske ne. Na cika mata, ban ce komai ba.

Ga yaron can ya farka, bari in je in karɓe shi ta samu ta ci abincinta da zafinsa.