Kalmar "Ojalá" da Darasin da Take Koya wa Mai Fassara

'Yan'uwa malamai, akwai wata 'yar kalma da ba ta rabuwa da bakin masu magana da Sifaniyanci, tun daga Madrid har Meziko, wato "ojalá". Idan aka ce wa mutum majinyacinsa zai sami sauƙi, ko ɗansa zai ci jarrabawa, da ita yake amsawa. Ana furta harafin "j" na cikinta daga maƙogwaro, kamar "kha" ta Larabci. Ƙamus ɗin hukumar kula da harshen Sifaniya, wadda aka kafa a 1713, ya nuna cewa asalinta Larabcin Andalus ne, "law sha Allah", ma'ana in Allah ya so. Gado ce daga zamanin da Musulmi suka yi mulki a sassan ƙasar, daga 711 zuwa 1492.

Wanda ya san wannan tarihi yakan yi gaggawar juya ta zuwa Ingilishi da "God willing". A ganina, a nan ake yin tuntuɓe. Mutumin Sifaniya na yau, mai addini ne ko marar addini, fata kawai yake yi idan ya furta ta. Idan yana so ya jingina lamari ga Ubangiji, yana da wata jimla daban, "si Dios quiere", kuma ita ce ta dace da "God willing".

Abin da Bature zai faɗa ya danganta ne da sigar aikatau da ta biyo baya. Idan aka ce "ojalá venga", ana sa rai mutumin zai zo, sai a ce "I hope he comes". Idan aka ce "ojalá viniera", zuwan nasa da wuya, sai a ce "I wish he would come". Idan kuwa aka ce "ojalá hubiera venido", bakin alƙalami ya riga ya bushe, saura nadama, sai a ce "if only he had come". Idan kalmar ta tsaya ita kaɗai a matsayin amsa, sau da yawa "I hope so" ya wadatar. A Hausa kuma ta farko takan zama "Allah ya sa ya zo", ta ƙarshe "ina ma ya zo". Sunan Allah ya dawo a fassarar Hausa domin haka Bahaushe yake yin fata, ya ɓace a ta Ingilishi domin Bature yana da tasa hanyar.

Wasu za su ce barin asalin kalma cin amanar marubuci ne. Amanar da ke wuyan mai fassara ita ce ya isar da abin da mai magana yake nufi a lokacin da ya yi maganar. Wanda ya sa wa mutum addu'ar da bai yi ba, ya ƙara masa magana. Tarihin kalma yana da muhallinsa a darasin asalin kalmomi, kuma yana da daɗin koyarwa.

Ba ma koyar da Sifaniyanci a makarantunmu, amma wannan matsala tana cikin azuzuwanmu kullum. Ɗalibin da ya juya "ina gajiya?" zuwa "where is tiredness?" bai kuskure kalma ko ɗaya ba, duk da haka Bature ba zai gane gaishe shi ake yi ba. Irin wannan ɗalibi ne zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO, inda rashin kiredit a Ingilishi yake rufe ƙofar jami'a.

Saboda haka shawarata ita ce, kafin yaro ya buɗe ƙamus, mu tambaye shi: wa yake magana, da wa yake yi, me yake so a fahimta, kuma me mai wancan harshe zai ce da shi ne a wurin? Idan muka zo gyaran takardu, mu ba da maki ga amsar da ta isar da saƙo, ko da ba ta bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya ba. Iyaye ma suna iya yin wannan atisaye da yara a gida, da gaishe-gaishen da ake yi safe da yamma.