Gudun Kilomita 21: Yadda Ranar Tsere Take

 A wannan wata zancen gudu za mu yi.

Akwai wani tsere da ake yi a manyan birane. Tsawonsa kilomita 21 ne da mita kusan 100. Ana ce masa rabin maraton, don maraton cikakke kilomita 42 ne da mita 195. Idan kana son ka san tsawonsa, ka hau hanyar kwalta da ta fita daga Tasawa zuwa Damagaram, ka ƙirga kilomita 21. Mai tafiyar ƙasa yana cin kilomita 5 a awa ɗaya. Ke nan sai ya yi fiye da awa 4 kafin ya kai. Wanda ya taɓa tahowa kasuwar Mayahi ko ta Kanambakashe a ƙasa daga ƙauye mai nisa ya san wannan tafiya. Makiyayin da ke bin garke cikin Gulbin Kaba ma ya san ta.

Gwanayen duniya suna cinye wannan nisa kamar iska. A shekarar 1993, Moses Tanui na ƙasar Kenya ya gama shi a birnin Milan cikin minti 59 da daƙiƙa 47. Shi ne ya fara yin sa ƙasa da awa ɗaya. A 2021, wata mace ƴar Habasha, Letesenbet Gidey, ta yi shi cikin awa 1 da minti 2 da daƙiƙa 52. Mu ma a Nijar mun yi namu gwanin dogon gudu, Abdou Manzo, wanda ya shiga maraton a wasannin Olamfik.

Amma yawancin masu shiga tseren mutane ne irinmu. A Ingila akwai wani da ake yi tun 1981, sunansa Great North Run. Mutane dubu goma-goma suke shiga, malaman lakkal da ƴan kasuwa da tsofaffi, maza da mata. A 2020 an yi irinsa a Kaduna. Irin waɗannan mutane suna gamawa cikin awa 2 zuwa 3. Ba su samun kuɗi. Burinsu su kai ƙarshe da ƙafafunsu, su koma gida lafiya. Ni ma ina cikinsu, na yi wannan gudu a wani babban gari lokacin ɗari. Zan gaya muku yadda ranar take, don samarinmu suna shiga tsere idan an shirya shi, kuma masu neman aikin soja ana gwada su da gudu.

Jajibirin tsere

Ranar tana farawa tun daren jiya. Mai gudu ya ci abincin da cikinsa ya saba da shi, tuwon gero ko shinkafa, ba yaji da yawa, ba mai da yawa. Jiki yana ajiye ƙarfin wannan abinci cikin tsoka da hanta, kamar yadda muke ajiye hatsi a rumbu. Daga wannan rumbu za a ci gobe.

Ya shirya rigarsa da wandonsa marasa nauyi. Ya duba takalminsa. Ba a sa sabon takalmi ranar tsere, don zai ci ƙafa tun ba a je ko'ina ba. Tsohon da ya san ƙafarka ya fi. Kun ji labarin Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci maraton a birnin Rum a 1960 ba takalmi. Shi ya saba da haka. Mu kuwa a ƙasarmu akwai ƙarangiya da ƙaya da kwalta mai zafi, saboda haka a sa takalmi.

Barci ba ya zuwa sosai a wannan dare. Zuciya tana ta lissafi. Wannan ba ciwo ba ne, kusan kowa haka yake ji.

Da asuba

Awa 2 ko 3 kafin a tashi, a sha koko ko kunu, a ci ɗan burodi, a sha ruwa. A zaga bayan gida. Daga nan sai filin tashi.

Can za ka tarar da jama'a kamar ranar kasuwa. Kowa da lamba a manne a ƙirjinsa. Da ita ake gane shi idan ya iso, da ita kuma ake neman danginsa idan ya faɗi. Gwanaye suna gaba. Sauranmu muna baya, muna rawar ɗari, muna ɗan tsalle don jiki ya yi ɗumi. Wanda bai san ka ba zai ce maka: "Allah ya kai mu lafiya, ɗan'uwa."

An tashi

Da an busa usur sai taro ya ɓalle. Nan ne babban tarko yake. Jiki sabo ne, ana kiɗa, yara suna ihu a bakin hanya, kowa yana wuce ka. Zuciya za ta ce maka ka bi su. Kada ka bi su. Wanda ya yi gudun barewa a kilomita 3 na fari zai biya bashi a kilomita 15.

Manomi ya san wannan. Ranar noman fari, yaron da ya kama kunya da zafi yana jefa hauya, kafin hantsi ya zauna. Dattijon da ke tafiya sannu shi ke kai azahar. Ga ma'auni mai sauƙi: idan kana iya yi wa na kusa da kai magana kana gudu, tafiyarka daidai take. Idan haki ya hana ka magana, ka rage.

Ga lissafi kuma. Mai cin kilomita ɗaya a minti 6 zai gama cikin awa 2 da minti 7. Mai cin ta a minti 7 zai gama cikin kusan awa 2 da rabi. Duka biyun sun yi abin kirki.

Tsakiyar hanya

Daga kilomita 5 zuwa 12 gudu yana da daɗi. Numfashi ya zauna, ƙafa ta kama hanya. Taro ya watse, ka samu abokan tafiya uku ko huɗu masu irin takunka. Ba ka san sunansu ba, amma kuna jin numfashin juna.

A bakin hanya ana ajiye tebur da ruwa, sau da yawa bayan kowace kilomita 5. Ka tsaya ka kurɓa, ka zuba saura a kai da wuya. Mai gudu cikin zafi yana iya zubar da gumi lita ɗaya a awa ɗaya, wani ma fiye. Gumi yana fita da gishirin jiki. Amma kada ka cika ciki da ruwa kamar raƙumi a bakin rijiya. Ruwa fiye da kima yana tsinka gishirin jini, shi ma yana kayar da mutum. Ka sha daidai ƙishirwarka. Dabino biyu ko uku a aljihu suna da amfani bayan awa ɗaya.

Inda gudu yake zama aiki

Wajen kilomita 15 ko 16 rana ta ɗaga. Rumbun nan na jiki ya yi ƙasa. Cinya ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Kowace kilomita sai ka ga ta fi ta baya tsawo. Hira ta ƙare, ba ka jin kome sai takun ƙafa.

A nan na ga wani saurayi zaune a gindin bedi. Shi ne ya wuce mu da safe kamar doki. Wani dattijo mai furfura da muke tafe tare ya tsaya kansa, ya ce: "Ɗana, kanka yana juyawa ne?" Ya ce: "A'a, Baba, ƙafa ce ta ƙi." Dattijo ya ce: "To tashi. Mu taka a ƙasa har wancan masallaci, daga can mu ɗan sassarfa." Haka suka yi ta yi, tafiya da sassarfa, har suka kai. Tafiya a ƙasa cikin tsere ba abin kunya ba ce. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku lura da tambayar da dattijo ya fara yi. Gajiyar ƙafa daban, juyawar kai daban.

Alamun haɗari

Zafi yana kashe mai gudu. Idan zafin cikin jiki ya wuce digiri 40, ƙwaƙwalwa tana rikicewa. Mutum zai riƙa tangaɗi kamar mashayi. Zai yi maganar da ba ta da kan gado, ko ya yi amai, ko ya faɗi. Wanda ya ga haka kada ya ce masa ya daure. A kai shi inuwa, a cire masa riga, a yi ta kwara masa ruwa a jiki duka, ana yi masa fifita. A yi wannan nan take, ana neman abin da zai kai shi gidan likita. Idan ya suma, kada a ɗura masa ruwa a baki.

Ciwon ƙirji ma alama ce ta tsayawa. Mai zazzaɓi kada ya shiga tsere, mai azumi ma haka. Mai hawan jini, da mai sikila, da wanda ya haura shekara 40, su ga likita tukuna.

Sai maganar ƙwaya. Wasu samari suna shan Tramol don kada su ji gajiya. Gajiya da ciwo su ne masu gadin jiki, su ke cewa a tsaya. Ƙwaya tana rufe musu baki, mutum ya yi ta gudu har ya faɗi, kuma tana iya kawo farfaɗiya. Tun farkon 2024 hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta haramta ta a lokacin gasa.

Isowa

Kilomita ta ƙarshe jama'a ce ke ɗaukar ka. Ana tafi, ana kiran lambarka. Ka tsallake layi, a rataya maka lambar yabo a wuya. Gwanaye sun gama tun awa ɗaya da ta wuce, amma nisan da suka ci shi ne ka ci.

Kada ka zube ƙasa nan take. Ka ɗan taka, jini ya daidaita. Ka sha ruwa sannu-sannu. Idan ka yi gumi da yawa, ka haɗa ruwan gishiri da sukari: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Bayan haka fura da nono. Kwana biyu ko uku cinya za ta yi tsami, zama da tashi sai da dabara. Zai wuce.

Ga masu niyya

Ƙarfin noma da ƙarfin gudu ba ɗaya ba ne. Mai son wannan tsere ya ba kansa wata 3. Ya fita sau 3 a mako da sanyin safiya. Ya fara da kilomita 3, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, har ya iya 16 ko 18. Rairayin jigawar Mayahi ya fi kwalta cin ƙarfi, saboda haka kada ya damu idan ya ga yana jinkiri. Bayan an gama girbi, hatsi yana rumbu, aiki ya yi sauƙi, lokacin ne na farawa.

Ku kuma hukumomin gari da shugabannin samari, idan za ku shirya tsere, ku sa shi a Disamba ko Janairu, a tashi da fitowar rana. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a jihar Maraɗi, ba lokacin dogon gudu ba ne. Ku ajiye randunan ruwa a hanya. Ku nemi malamin asibiti da mota ko babur su biyo na ƙarshe. Kada a watse sai an ƙirga kowa ya iso.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa ƙannensa da ƴaƴansa.