Motar da Aka Sha Taba a Cikinta Ba Ta Ɓoyuwa a Kasuwa



Akwai wata magana da muke yawan ji daga bakin samari masu mota, har da waɗansu da muke zama benci ɗaya da su ranar Lahadi: "Motata ce, da kuɗina na saya, in na kunna sigari a ciki wa na cuta?" Yau za mu amsa wannan tambaya. Wa'azin huhu kun sha jinsa har ya daina shiga kunne, saboda haka ta aljihu za mu bi. Wanda yake shan taba cikin motarsa yana rage mata daraja kullum, kuma ranar da zai kai ta kasuwa hanya biyu ce za ta rage masa: ko ya haɗiye asara, ko ya yaudari mai saye. Ta biyun ce ta fi damunmu.

Bari mu fara da abin da ke faruwa cikin motar kanta. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo ciwon daji. Abin da mutum ya busa ba duka ne ke fita ta taga ba. Nikotin da wata dauɗa mai danƙo, mai kama da kwalta, suna mannewa a jikin duk abin da suka taɓa. Yadin rufin ciki ne ke fara sha, domin hayaƙi sama yake tashi. Ku ɗaga kai a motar mashayi, ku duba daidai saman kujerar direba, za ku ga wurin ya yi rawaya ya bambanta da sauran. Sosan kujera yana tsotsa, kafet yana tsotsa, bel ɗin da ake ɗaurawa a ƙirji ma yana tsotsa. Gilashin gaba yana yin wani hazo ta ciki, wanda da dare yake watsa hasken fitilar motar da ke tahowa har direba ya riƙa runtse ido. Ga ɗan hujin da wuta ta yi a kujera, ga toka da ta cusa kanta cikin kowane lungu na gefen giya.

Mafi wuyar sha'ani shi ne na'urar sanyaya mota. In an rufe gilashi aka bar ta tana juya iskar ciki, hayaƙin ne take zuƙa, ya bi ta filta, ya bi ta bututai, ya je ya zauna a kan ƙarfen da ke sanyaya iskar, can bayan dashbod inda hannu ba ya kaiwa sai makaniki ya kwance. Daga ranar, duk lokacin da aka kunna sanyi, motar tana maido wa fasinja abin da aka sha a cikinta watanni da suka wuce. Sai kuma rana. Mota ta wuni a buɗaɗɗen fili cikin zafin watan Maris ko Afrilu, abin da ya manne ya sake tashi ya cika ta. Shi ya sa motar da da safe kamar ba komai, da azahar in ka buɗe ƙofa sai wari ya tare ka. Mashayin kansa ba ya ji, hancinsa ya riga ya saba. Kowa sai shi.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman, mu 'ya'yan ikkilisiya. Saurayin da ke shan taba a cikinmu ba ya sha a ƙofar gida, domin yana jin kunyar mama, yana tsoron kada dattijon ikkilisiya ya wuce. Mota ce maɓoyarsa. Ya faka a bayan wani layi, ya ɗaga gilashi har sama don kada a gan shi, ya kunna sanyi, ya sha. Wato ya zaɓi hanyar da ta fi kowace lalata motar. Bayan ya gama ya tauna cingam, ya fesa turare a riga, ya shigo taron zumunta yana tsammanin ba wanda ya sani. Ƙannensa da yake kaiwa makaranta sun sani. 'Yar'uwar da ya rage wa hanya bayan koyon waƙa ta sani, ta dai yi masa kara ne.

Yanzu mu zo kan kuɗi. A shekarar 2008 wani malamin Jami'ar Jihar San Diego a Amurka, Georg Matt, tare da abokan aikinsa, suka wallafa binciken da suka yi a kan motocin hannu da masu su suka sa a kasuwa. Suka tarar cewa farashin da ake nema a kan motocin da aka sha taba a cikinsu ya yi ƙasa da na irinsu da kashi 7 zuwa 9 cikin ɗari. Ku ɗora wannan a kan motar naira miliyan 10: dubu 700 zuwa dubu 900 sun tafi. Kuɗin makarantar yara nawa ke nan? A kasuwarmu kuwa farashi a baki ake yanke shi, kuma duk aibin da mai saye ya kama makami ne a hannunsa. Ya duba inji, ya duba giya, ya leƙa ƙarƙashi, sa'an nan ya shiga ya zauna ya rufe ƙofa. In hancinsa ya kama wari, tayin da zai yi ya riga ya sauka kafin ya buɗe baki. Ka ce "albarka" sau uku, ba zai ƙara abin kirki ba, domin ya san na gaba da shi ma hanci gare shi. Waɗansu ko tayi ba sa yi. Mai iyali da ke da yaro mai asma, mace mai juna biyu, wanda ke neman motar haya ta Bolt inda fasinja ke ba direba maki, duk waɗannan sai su ce za su dawo, ba kuwa za ka sake ganinsu ba. Motar ta yi ta zama a wurin dillali, taya na sacewa, baturi na mutuwa, kai kuma buƙatar da ta sa ka fito da ita tana matsa maka. Mai sayarwa cikin matsi kuwa kun san yadda ake yi masa.

Wari yana kuma ba da shaidar da ta wuce ta sigari. Mai saye yana cewa a ransa, wanda bai kula da kujerar da yake zama a kai ba, ya kula da canza baƙin mai a kan lokaci? Wataƙila ka kula. Amma zargin ya riga ya shiga cikin farashi.

Kada mu manta a wane zamani muke. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, naira kuma ta faɗi a watannin da suka biyo baya, kuɗin mota ya yi tashin da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Wanda ya sayar da tasa da arha yau, da wuya ya maye gurbinta. A gidaje da yawa mota ita ce asusu: ita ake sayarwa ranar da aka kwantar da baba a asibiti, ko ranar da ƙanwa ta sami gurbin jami'a, ko lokacin da ginin gida ya tsaya a linta. Saboda haka "motata ce" ba ta cika zama gaskiya ba. Sau da yawa ta iyali ce, kai makulli kawai kake riƙe da shi.

Wani zai ce, "Ni ina buɗe taga." Buɗe taga yana ragewa, ba ma musu. Amma iska tana maido da wani kashi na hayaƙin ciki, musamman wajen kujerar baya inda yara ke zama, kuma sigarin da ke ci a tsakanin yatsu kusa da sitiyari cikin mota yake ci. Wani kuma zai ce, "Zan kai a wanke ta kafin in sayar." Wankin bakin titi na ruwa da sabulu saman abu yake taɓawa. In da gaske ake so a fitar da warin, sai an canza filta, an wanke bututan sanyi, an ciro kujeru da kafet an wanke su da inji, wani lokaci sai an sauya yadin rufi gaba ɗaya. Duk wannan kuɗi ne, kuma bayan an kashe shi, rana ta yi zafi, wani abu ya sake tasowa daga cikin soso. Ba banza ba kamfanonin ba da hayar mota a Turai da Amurka suke cin tarar wanda ya sha taba cikin motarsu. Sun yi lissafi.

To, ga inda maganar ta fi mana nauyi. Da yake gyara na gaskiya yana da tsada, sai a koma ga dabara. A fesa turare mai ƙarfi, a rataya abin ƙamshi biyu a madubi, a turara kujeru da turaren wuta, a ajiye motar a inuwa da tagogi a buɗe, a ce wa mai saye ya zo da sassafe kafin rana ta ɗaga. A lulluɓe kujerar da ta ƙone da sabuwar riga. In ya tambaya, a ce, "Ai wani dattijo ne ke hawanta, coci kawai yake zuwa da ita." Mun san akwai waɗanda har sitikar ikkilisiya suke bari a gilashin baya da gangan, domin mai saye ya saki jiki. Wannan ha'inci ne, kuma jingina shi da sunan ikkilisiya ya ƙara masa muni. Littafin Karin Magana, a sura ta 11 da ta 20, ya yi magana a kan ma'aunin algus, ya kuma nuna cewa Ubangiji yana ƙyamarsa. Ba wai sai an danne gindin mudu ba ne ake yin algus. Wanda ya ɓoye aibin da ya sani domin a biya shi kuɗin mota mai lafiya, shi ma ya tauye awo. Bayan mako biyu turaren zai gushe, mai saye zai gane, kuma in ɗan'uwa ne cikin zumunta, kun ga an sayi rigima ta shekaru a kan dubu ɗari kaɗan. In kuwa maƙwabci ne wanda ba ya bin bangaskiyarmu, abin da zai riƙa faɗa a kan Kirista a majalisarsu ba sai mun gaya muku ba.

Dillalan cikinmu, da ku ma muke. La'adarku ba ta ba ku izinin rufe baki ba. "Ni ba a tambaye ni ba" hujja ce da ba za ku so a kawo muku ba in ku ne masu saye. Masu saye kuma kada ku ce mun wanke ku: sura ta 20 ɗin nan ta ambaci mai saye da ke kushe kaya a gaban mai shi, ya tafi yana fahariyar ya yi riba. In ɗan'uwa ya gaya muku gaskiya cewa an sha taba a motarsa, ku rage abin da ya dace da kuɗin gyara, kada ku mai da gaskiyarsa wuƙar yanka shi. In kuka yi haka, gobe ba wanda zai sake faɗin gaskiya.

Mun ce ba za mu yi wa'azin huhu ba, amma ba za mu tsallake yara ba, domin abin da ke rage kuɗin motar shi ne dai abin da suke shaƙa. Yaro yana dafa kujera, ya sa hannu a baki, ya kwanta da fuska a kan yadin da ya sha hayaƙi. A Ingila, tun ranar 1 ga Oktoba 2015, laifi ne a sha taba cikin mota in akwai wanda bai kai shekara 18 ba, tarar kuwa fam 50 ce. A Najeriya ma, a shekarar 2015 aka sa hannu a dokar taƙaita shan taba ta ƙasa, wadda ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, har da motocin haya. Yadda ake aiwatar da ita a tashoshinmu, kowa shaida ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 1 ke mutuwa kowace shekara saboda hayaƙin da wani ya sha, su ba su sha ba.

Sai waɗanda motar ma ba tasu ba ce. Kana tuƙa motar babanka, ko ta maigidanka, ko wadda wani ya ba ka kana kawo masa kuɗin mako, ko bas ɗin da ke kai mawaƙa taron gunduma. Ka sha a ciki, ko ka bar abokai su sha domin kana jin nauyin hana su. Kashi 7 ko 9 ɗin nan da muka ambata daga aljihun mai motar za su fita, kuma bai ba ka izini ba. Da ka zari dubu 500 daga akwatinsa, ka san sunan abin da ka yi. Don dai a hankali aka zare ta, kara bayan kara, ba ya canza sunan. Aboki ya ciro kwali, ka ce masa, "Don Allah bari in tsaya ka sauka ka sha." In ya yi fushi, fushin zai wuce kafin ku kai inda za ku. Warin sai ya shekara yana nan.

Wanda kuma ya riga ya yi, motar na hannunsa, yana shirin sayarwa, ya gyara iyakar ƙarfinsa, ya fara da filta da yadin rufi. Ya sa wa mai saye lokaci da rana tsaka, ya bar motar a rufe a rana kafin ya iso, kada ya fesa komai. Ya buɗe masa ƙofa, ya kunna sanyi, ya ce masa, "Ɗan'uwa, an sha taba a cikinta shekara biyu, ga abin da na gyara, ga abin da ya rage." Daga nan sai a shiga ciniki.