A Gyara wa Dattawa Hanya a Cikin Birnin Kano

Edita,

Ina rubuto maka ne daga Gadarif, garin riɗi da dawa a gabashin Sudan. Kakannin da yawa daga cikinmu sun taso ne daga ƙasar Hausa da niyyar aikin Hajji, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, suka yada zango a nan. Har gobe burin dattawanmu shi ne su taka Kano su ga tushensu.

Waɗanda Allah ya nufa suka je suna dawowa da yabo, amma da ƙorafi guda: tsoho ba ya iya yawo a ƙafa cikin birni. Daga Gidan Makama zuwa Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, ba wata tafiya ba ce. Sai dai ga kwata a buɗe, ga babura da A Daidaita Sahu suna kutsowa cikin lungu, kuma babu inda mai sanda zai zauna ya sarara. Hawa dutsen Dala kuwa sai mai sauran ƙarfi a gwiwa. Abin yana ci mini rai, domin mutanen da suka fi kowa ƙishirwar ganin wuraren nan su ne ake bari a mota.

Ina roƙon hukumomi da masu unguwanni su rufe kwatocin, su kafa dakali da rumfa a kan hanyar Kurmi da ta marinar Ƙofar Mata, a kuma hana ababen hawa shiga wasu lunguna da hantsi. Tsofaffin da ke unguwannin ma, masu zuwa masallaci sau biyar, za su amfana.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, daga Gadarif