A Kira Mai Sulhu Tun Kafin A Buɗe Shago

Mun iya sulhu a ƙasar nan, sai dai a makare muke kiran mai yinsa. Sai an garƙame shago da kwaɗo biyu, matan abokai sun daina gaisawa a gidan suna, sannan a tuna akwai liman, akwai mai unguwa. Ni a ganina, dattijon da ake nema ranar rabuwa, ranar haɗuwa ya kamata a neme shi, kafin sisi ya bar aljihun kowa.

Wanda ya san unguwar Mando a Kaduna ya san wuri ne da kuɗi ke motsi. Ga tashar da ake lodin Legas da Ibadan, ga hanyar Birnin Gwari da ta filin jirgi, ga sansanin alhazai, ga makarantar hafsoshin soja ta NDA a Afaka. Inda jama'a ke kai-komo haka, ƙananan sana'o'i ba sa yankewa: rumfar POS, Keke Napep, teburin cajin waya, kantin kayan masarufi. Da yawansu na mutum biyu ne, ɗaya ya kawo kuɗi, ɗaya ya kawo jiki. Yarjejeniyar kuwa ba ta wuce musabaha da "Allah ya sa albarka" ba.

Ɗauki ma'aikacin da ya kwashi adashe ya sayi keke, ya miƙa wa abokinsa na yarinta makulli a kan zai riƙa kawo balas kullum. Komai lafiya, har ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Fasinja ya ragu, balas ya fara zuwa da giɓi, ana cikin haka inji ya buga. Mai keke yana cewa, "Kai ke tuƙawa, kai za ka gyara." Direba yana cewa, "Keken waye?" Babu maƙaryaci a cikinsu. Abin da ba a faɗa ba tun farko ne kowa ya cike da abin da ya fi masa sauƙi.

Kunya ce ta hana a faɗa. Da wane baki za ka tambayi mutumin da kuka yi makarantar allo tare, "In ka ci kuɗin fa?" Amfanin mutum na uku ke nan: shi ba ya jin nauyin kowa. Zai zaunar da su ya tambaya dalla-dalla. Kuɗin nan jari ne ko bashi? Wanda zai wuni a rumfa albashi zai ɗauka, ko kaso daga riba, ko duka biyun? In aka turo alat na ƙarya aka karɓe tsabar kuɗi, asarar ta wa ce? Ƙanin wane zai iya ɗaukar kaya bashi? Yaushe za a riƙa lissafi, littafin kuma a hannun wa? In ɗaya ya ce ya gaji, yaya za a kimanta rabonsa? Sai wadda kowa ke gudu: in ɗaya ya rasu, me za a gaya wa magada?

Wani zai ce wannan rashin yarda ne, ko baƙon abu ne daga Turawa. To ya koma Suratul Baƙara, aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani. Maganarta rubuta bashi ce da kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin, ba 'yan damfara ba. A Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, akwai hukuncin ƙiradi: mai dukiya ya ba da jari, mai aiki ya juya, a raba riba bisa kason da aka yanka tun farko. In aka faɗi ba da sakacin mai aiki ba, dukiyar ce ta yi asara, shi kuma wahalarsa ta tafi a banza. Abokai nawa ne a Mando ke yin ƙiradi ba su san sunansa ba, balle hukuncinsa? Ko aure, da ya fi kowace hulɗa kusanci, ba a ɗaura shi sai waliyyai sun zauna an yanka sadaki a gaban shaidu, kuma ba wanda ya kira hakan rashin yarda.

Sai dai a kula wajen zaɓe. Kada a ɗauko kawun ɗaya ko ubangidan ɗaya. A nemi wanda duka biyun ke jin maganarsa, wanda kuma ya san sana'ar. Kan keke, tsohon direba ko shugaban ƙungiya ya san tsadar taya da yawan zuwa wurin makanike. Malami ya duba halaccin sharuɗɗan. In jarin ya yi nauyi, a ƙara da lauya, a yi rajista da hukumar CAC da sunan su biyu. Doka ma ta kama wannan hanya: Legas ta buɗe zauren sasanci a harabar kotu tun 2002, a 2023 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar tarayya kan sasanci da shiga tsakani.

Abin da aka cimma a rubuta shi da Hausar da kowa ke ganewa, ko da boko ko da ajami, a sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, a kuma rubuta sunan wanda za a koma wa in saɓani ya taso. Hausawa suka ce tun ran gini, tun ran zane.

Mai yiwuwa a tashi daga zaman an fasa kasuwancin gaba ɗaya, don an gano ɗaya riba yake jira duk wata, ɗayan kuma so yake a bar jari ya girma shekara biyu. Wannan ba faɗuwa ba ce. Kowa ya tashi da kuɗinsa, kuma gobe za su iya zuwa ɗaurin auren 'ya'yan juna.